Matatar Ruwan da Ta Sha Zoɓo

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta lokacin sanyi ba, ranar da na tsaya a bayan garin Madina, a gaban surukina, na ba da fatawa da bakina, fatawar kuma ta kayar da ni warwas. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi, ko da ni kaɗai ne a ɗaki.

Ni ɗalibin fiƙihu ne a jami'a a nan Madina, muna zaune da matata a wani ɗan gida a Ranuna. Surukin da nake magana ba mahaifinta ba ne, amma ya fi mahaifin nata kwarjini a idona. Ammu Usman ake ce masa, wato Baffa Usman. Mahaifinsa da kakan matata uwa ɗaya uba ɗaya suke, sai shi mahaifin ya tako daga Kano ya zo aikin hajji bai koma ba. A unguwar Harra ta Gabas a nan Madina aka haifi Ammu, a can ya tsufa, bayan ya gama rayuwarsa yana tuƙa manyan motoci yana kuma gyara su da hannunsa. Ustaz yake kirana, amma akwai yadda yake jan kalmar da ke sa in ji kamar ya ce mini rago. Bai taɓa faɗa ba, na dai sani a ransa yana ganin hannun da ya saba da littafi ko igiyar akuya ba zai iya ɗaurewa ba. Abin yana ci mini rai ƙwarai. Burina ɗaya ne a kan dattijon nan: rana ɗaya ya damƙa mini wani aiki na a zo a gani, in yi shi, ya ce madalla.

Wannan burin ne ya kai ni wani shagon kayan fita daji a Sultana, inda na ga matatar ruwa ta tafiye-tafiye. Wata 'yar aba ce ba ta fi tsawon tafin hannu ba, da jakar roba da ake cikawa da ruwa a ɗaura mata a baki a matse. Mai shagon ya zuba ƙasa a kofi a gabana, ya dama, ya tace, ruwa ya fito garau, ya shanye yana kallona. Ban ko yi ciniki ba. Na dawo gida ina jin kaina wani gawurtaccen matafiyi (ni da tafiyata mafi nisa a ƙafa ita ce daga tashar bas zuwa aji).

To, ina zan gwada ta? Ruwan gida tatacce ne. Ta yi sati biyu a kan teburina ina kallonta tana kallona, har azumi ya kama. Wata rana muna da baƙi a buɗa-baki, matata ta dafa zoɓo da citta da kanumfari, ta zuba sukari, sai ta ga kyallen da take tacewa da shi ya yage. Na miƙe tsaye na ce mata ta kwantar da hankalinta, zamanin kyalle ya wuce. Ta ce, "Malam, wannan ba na ruwa ba ne?" Na ce, "Zoɓo ba da ruwa ake yinsa ba?" Ta miƙo mini tukunyar tana yi mini irin kallon da mata ke yi in sun yanke shawarar su bar mutum da halinsa.

Na yi kusan awa guda ina matsawa, na samu rabin kofi. Daga nan abar ta ƙi gaba ta ƙi baya. Na ce gajiya ta yi. Na goge bayanta da tsumma tas, na mayar da ita cikin jakarta yadda take, na ɗora a saman kabad. Matata ta aro kyalle a maƙwabta. Matata ta manta da zancen, ni ma na manta, zafin bazarar Madina kuwa ya zo ya wuce ta kanta.

Bayan wata takwas aka yi ruwan sama mai kyau, Ammu ya ce za a fita kashta, wato fitar nan da mutanen ƙasar ke yi bayan gari a sha iska a dafa shayi. Akwai wani kwarmin dutse da ruwa ke taruwa a ciki, can cikin baƙaƙen duwatsu, inda yake zuwa tun yana saurayi. Mota ba ta kaiwa, sai an taka kamar awa ɗaya da rabi. Mu huɗu ne: Ammu, da babban ɗansa Faisal wanda ke jin Hausa sarai amma da Larabci yake amsawa, da abokin karatuna Malam Sani, da ni.

Da muka ajiye mota, Faisal ya fara rarraba mana gorunan ruwa a jakunkunan baya. Nan shaiɗan ya raɗa mini cewa ga ranata ta zo. Na ɗaga hannu na ce a mayar da ruwan nan mota, wahala ce kawai. Na zaro matatata na ɗaga sama yadda kowa zai gani, na yi jawabi. Na yi maganar ƙwayoyin cuta, na yi maganar ƙananan ramukan da ido ba ya gani, har na ce da kakanninmu sun samu irin wannan a hanyar hajji da ba su sha wuya ba (a gaban ɗan mutumin da ya tako hanyar da ƙafarsa, ka ji karambanin akuya). Ammu ya dube ni ya dubi abar, ya daɗe, sannan ya ce, "Tayyib, ya Ustaz. Moya a wuyanka yau." Wato ruwa a wuyana. Wallahi daɗi ya kusa kashe ni. Gora ɗaya kacal Faisal ya ɓoye a aljihu, ita ma kafin rabin hanya mun shanye.

Muka isa la'asar na gabatowa, maƙogwaro ya bushe, harshe ya yi nauyi. Ruwan kwarmin kuwa jawur yake da laka, ga sawun raƙuma a gefe. Ammu ya shimfiɗa darduma, ya fito da butar shayinsa da ɗan murhun gas, ya zauna ya miƙe ƙafar da ke masa ciwo. Ya ce, "Bismillah, Ustaz. Ruwan sha tukuna, sai na shayi, sai na alwala."

Na cika jakar roba da ruwa cikin isa, na ɗaura matatar, na saita kofi, na matsa. Shiru kake ji, wai malam ya ci shirwa. Na ƙara matsawa. Ko ɗigo. Na yi murmushi na ce haka take yi da farko. Na saka ta tsakanin gwiwoyina na matse, jijiyoyin wuyana suka tashi, na fara wani nishi da bai kamata suruki ya ji daga bakin mijin 'yarsa ba. Da abin ya ƙi, na ajiye jakar a kan dutse na hau kanta na zauna, ina ɗan tashi ina komawa. Malam Sani ya juya baya yana duban duwatsu kamar yau ya fara ganin dutse, amma ina ganin kafaɗunsa suna rawa.

Can sai ga ɗigo. Na ce, "Alhamdulillahi!" da ƙarfi. Ɗigo na biyu, na uku. Sai na lura da kalarsu. Ruwan da na zuba jan laka ne, wanda ke fitowa kuwa wani ja ne daban, mai duhu, da wasu baƙaƙen abubuwa suna iyo a ciki. Da ƙyar aka samu kwatan kofi. Faisal ya ɗauka ya shinshina, ya yi saurin kawar da kai, ya sake shinshinawa a hankali kamar mai neman tuna wani tsohon sani.

"Esh hada?" in ji shi, yana tambayar babansa mene ne wannan. "Karkade! Wallahi karkade, ya yuba!"

Karkade shi ne zoɓo a bakinsu. Ammu ya karɓi kofin, ya kai hanci, ya ce, "Har da citta."

A nan azumin bara ya faɗo mini a rai gaba ɗaya. Na so in ce wata irin ƙasa ce a yankin mai ƙamshin kanumfari, amma ramin ƙarya ƙurarre ne, ga kuma Malam Sani da ke cikin baƙin ranar, shi ya sha rabin kofin nan a gidana. Na sunkuyar da kai na faɗi gaskiya tun daga yagewar kyalle. Faisal ya juya matatar a hannunsa, ya tambaye ni da Larabci ina sirinjin da ke zuwa da ita. Ya ce da shi ake tura ruwa mai tsabta ta baya bayan kowane amfani, datti ya fita, sannan a shanya ta ta bushe kafin a ajiye. Ya ce duk a rubuce yake a 'yar takardar da ke cikin kwali.

Sirinjin na gan shi. Na ɗauka kuskure aka yi aka jefa shi a kwalin, na ba matata, ita kuma tun lokacin da shi take zanen lalle. Takardar kuwa, ni da ke karanta littafi mai juzu'i goma har da sharhin gefensa, ban buɗe ta ba, na shimfiɗa ta na ɓare gyaɗa a kai. Wannan ma na faɗa, don babu sauran abin ɓoyewa.

Ammu bai yi dariya ba, da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya gyara zama kamar ɗalibi a gaban malami, ya ɗaga kofin ya ce, "To Ustaz, ga mas'ala. Wannan da ka tace, ya yi alwala?"

Babin ruwa shi ne na farko a kowane littafin fiƙihu, ba yadda zan yi in ce ban sani ba. Na ce, "Bai yi ba, Ammu. Launinsa ya canza, ƙamshinsa ya canza, ɗanɗanonsa ma na tabbata ya canza."

Ya nuna kwarmin da sandarsa. "Wancan fa, mai laka, wanda raƙuma suka sha?"

"Ya yi, Ammu. Ƙasar da ruwa ke zaune a kanta ba ta ɓata shi."

"Ya'ani Allah ya saukar mana da moya mai alwala, kai ka sa na'ura ka mayar da shi marar alwala."

"Haka ne, Ammu."

Da na yi shiru a nan da an rufa asiri. Amma bakin ɗalibi ba ya barin mas'ala rabi. Na ƙara da cewa ai ruwan da ya canza da abu mai tsarki, ko bai yi a ibada ba, ya yi a al'ada, ana iya sha a yi girki. Ammu ya miƙo mini kofin da hannu biyu. "Masha Allah. To bismillah, sha."

Na karɓa. Ina kai shi baki, warin ya doke ni, sai Malam Sani ya yi tsalle ya riƙe hannuna. Na ji sanyi a raina, na ce aboki ya zo ceto. Ashe nasa ilimin ne shi ma ya motsa. Ya ce, "A dakata! Zoɓo da sukari, a rufe, wata takwas cikin zafi? Wa ya tabbatar bai zama giya ba?" Wato ni, ɗalibin fiƙihu, a garin Manzo, na shafe wata takwas ina girka burkutu a saman kabad. Na ce a'a, in ma ya juya to ya zarce ya zama ruwan tsami, shi kuwa halal ne. Ya ce sai da hujja. Muka kaure da musu a kan kwatan kofi, Faisal ya kwanta a kan dutse yana dariya har da hawaye, rana kuma tana ta yin ƙasa.

Ammu ya miƙe. Ya ɗingisa zuwa bakin ruwa, ya ɗebo daga sama inda ya kwanta, ya cire mayafin kansa ya ninka huɗu, ya tace a cikin buta, ya ɗora a wuta ya bar shi ya tafasa sosai. Kafin ya huce muka yi alwala da ruwan laka muka yi la'asar a bayansa. Ban san me na karanta a sallar nan ba, Allah dai ya karɓa. Da aka idar ya zuba shayi, kofin farko ni ya miƙa wa. Ban taɓa shan abin da ya yi mini daɗi ya kuma yi mini ɗaci lokaci guda irin wannan ba.

A hanyar komawa na yi ta jan ƙafa a baya don kada mu haɗa ido. Sai ya tsaya ya jira ni, ya dafa kafaɗata yana tafiya a hankali. Ya ce, "Ya waladi, na ga masu fatawa da yawa, kowa in ta biyo ta kansa sai ya nemo mata ƙofa. Kai ka faɗe ta a kanka ba ka lanƙwasa ba. Wannan ya yi." Zuciyata ta fara kumbura, na buɗe baki zan yi godiya. Ya ɗan matse kafaɗar ya ce, "Amma moya, khalas, an gama. Ka bar wa masu shi."

Haka aka yi kuwa. Ana fita da ni har yau, ana tambayata hukuncin komai, amma ko murfin gora ba a bari in buɗe.

Abin da na koya dai shi ne, duk abin da ka ajiye da dattinsa, da dattin nan zai tarbe ka, kuma ba zai zaɓi ranar da kake kai kaɗai ba. Sai ya jira surukinka ya zauna, ya miƙe ƙafa, ya ce bismillah.