Dukan-Ɗaya da Boris ɗin Motar Yayarsa

A layin kanikawa, in ana zancen hannu mai albarka, sai kowa ya dubi rumfar ƙarshe, wadda allonta ya fi ƙofarta girma. Nan ce fadar Dukan-Ɗaya. Shi ya raɗa wa kansa sunan, don kada ya wahalar da jama'a wajen nema masa. A faɗarsa, tun da ya fara riƙe guduma bai taɓa dukan ƙarfe sau biyu ba. Ɗagawa yake yi ya sauke, ƙarfe ya tuba. Maƙwabta dai suna jin ƙarar guduma daga rumfarsa tun safe har yamma, amma ya yi musu bayani cewa amsa-kuwwa ce. Ba wanda ya yi musu, tunda ba wanda ya kai shi karatu a kan sauti.

Mutum ne mai tsabta, Allah ya sani. Rigar aikinsa fara ce ƙal, da jerin biro a aljihu waɗanda ba a taɓa kama su suna rubutu ba. Gudumarsa tana da akwatinta, da shimfiɗar jan ƙyalle, kuma ba a ce mata guduma a gabansa, sai dai Mai Shari'a. Dokar rumfar ɗaya ce: ba a ba shi shawara. Wanda ya ba shi shawara, in ji shi, ya zage shi ne cikin ladabi.

To, ana nan sai ƙungiyar kanikawan layin ta sa ranar zaɓen shugaba. Muƙamin ba shi da komai sai kujera mai juyawa da aka samo a wani ofis da ya tashi, da zama a tsakiya in za a ɗauki hoto, da yanke hukunci in kanikawa biyu sun yi faɗa a kan mai mota. Amma Dukan-Ɗaya ya sa wa kujerar nan rai har ta hana shi cin abinci. Ya riga ya kai wa tela awon mazauninsa, an ɗinka matashi yana ajiye a rumfa. Abin da ya rage kawai jama'a su gane abin da shi ya daɗe da ganewa.

Ana gobe zaɓe sai ga yayarsa, wadda ta goya shi, nas ce a wani asibiti a bayan gari. Ƙafar motarta ta gaba tana gurnani. Boris ne ya ci, zoben ƙarfen nan mai ƙwallaye da taya ke juyawa a kansa, kuma tsatsa ta manne shi a gidansa, cikin ƙarfen da ke riƙe taya yana karkata ta in an murɗa sitiyari.

"Auta, duba min motar nan, gobe da sassafe ina da aiki," in ji ta.

Ya waiga ya ga ko wani ya ji. "Yaya, don Allah a nan wurin ki daina ce min Auta. Nan ma'aikata ce."

Wani makanike zai ga aiki ne a wannan ƙafa. Dukan-Ɗaya yaƙin neman zaɓe ya gani. Ya kwance taya, ya cire birki, ya zaro ƙarfen ƙafar gaba ɗaya da boris ɗin a cikinsa, ya ɗora a kan kututturen da yake aiki. Sannan ya bi layin rumfa-rumfa yana gayyata. Aka jera benci. Masu walda suka zo, masu gyaran wayar mota suka zo, har mai faci ya rufe injinsa. Kallo ne na kyauta, kuma kowannensu yana da ƙuri'a.

Ya buɗe akwatin Mai Shari'a, ya gyara murya.

"'Yan'uwa, ƙarfe ya san shugaba. Ƙarfe ba ya karɓar cin hanci, ba shi da ɗan'uwa, ba shi da ɓangare. Wanda boris ya yi wa biyayya, ƙungiya ma ta huta da neman wanda za ta bi. Ku buɗe idanunku da kyau, don ba na maimaitawa."

Yanzu akwai wani ɗan abu da duk wanda ke kan bencin nan ya sani. Gidan boris ƙofa ɗaya gare shi. Ta inda aka cusa shi ta nan yake fitowa, domin ɗaya gefen akwai leɓen ƙarfe da ya tokare shi. Dukan-Ɗaya kuwa ya ajiye ƙarfen ne bakin ƙofar yana kallon sama. Ya dasa guntun bututu a kan boris ɗin, ya ɗaga Mai Shari'a har ta taɓa kwanon rufi, ya sauke. Boris ya ƙara gyara zama a cikin ɗakinsa.

"Wannan sallama ce," in ji Dukan-Ɗaya. "Ba a shiga gidan mutum ba sallama."

Ya sake saukewa. Wannan, ya ce, gaisuwa ce. Na bayanta tambayar iyali. Kafin rana ta take tsaka ya gaida boris ɗin nan da kakanninsa da maƙwabtansa, bututu ya lanƙwashe, an kawo wani, farar riga ta koma kalar ƙasa, shi kuwa boris ko a jikinsa, an tsikari kakkausa. Dukan na gaske, ɗayan nan da ake jira, har yanzu bai zo ba.

Wani tsohon makanike da ke bakin benci, wanda ciwon kai ya fara damu, ya buɗe baki. "Ɗana, da ka juya..."

"Baba, da girmanka!" Dukan-Ɗaya ya ɗaga hannu. "In juya shi? In bi shi ta baya kamar ɓarawo? Ni gaba da gaba nake yaƙi. Wanda ke neman shugabanci ba ya zagaye."

Tsoho ya gyara zama ya ci gaba da kallo. Sauran kuwa, Allah ya shirye su, suka yi ta gyaɗa kai suna cewa gaskiya ne, haka ake son shugaba. Har wani ya tashi ya aro masa babbar guduma daga wurin masu fasa dutse, don kada a ce layin bai taimaki ɗan takara ba. Ɗan adam ke nan, in ya ga mutum yana haƙa rami, shi ne mai kawo masa shebur.

Da babbar guduma ta gaza sai aka shiga fannin ilimi. Ya tsiyaya wa boris baƙin mai, ya ce a ba shi lokaci ya yi tunani. Ya durƙusa ya yi masa magana a hankali, kusa da kunne, wai akwai ƙarfen da lallashi yake so. Ya yi masa barazana da bola. Daga nan ya sa mai walda ya kunna wuta, aka gasa gidan boris ɗin har ya yi ja, mai ya kama, hayaƙi ya tashi, gefe guda na gashin bakin Dukan-Ɗaya ya tafi. Jama'a suka ja benci baya, amma ba wanda ya tafi gida.

"Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe!" ya yi ihu, ya rufe ido ya sauke. Kututture ya rabe biyu. Kunnen ƙarfen, inda ake ɗaura sandar sitiyari, ya lanƙwashe ya kalli gabas. Boris yana nan inda yake.

A nan ne basirar mutumin ta fito fili, don ƙaramin makanike da sai ya ji kunya. Shi kuwa ajiye guduma ya yi, ya share gumi, ya zaro biro ɗaya ya nuna ƙarfen da shi.

"Alhamdu lillahi, bincike ya kammala. Abin da nake so in tabbatar ke nan tun safe. Wannan mota da boris ɗinta aka haife ta. Narka su aka yi tare a kamfani, jini ɗaya ne. Duk duniya babu mahalukin da zai raba su, kuma ni ne na farko da ya gano haka. Ku shaida, a rumfata aka gano."

Wasu suka tafa. Yaya ba ta tafa ba. Tun safe take zaune a kan tsohuwar taya da jakarta a cinya, ta ga ƙafar motarta ta sha duka, ta sha mai, ta sha wuta, kuma ranta ya gama ɓaci. Ta miƙe.

"Auta, ba ni kayana in kai inda za a duba min."

"Yaya, ilimi ya riga ya yi magana."

"Na ji shi. Tun safe nake jin sa, har kunnena ya toshe."

Ta yagi tsumma ta naɗe hannu, don ƙarfen da sauran zafi, ta kama shi ta lanƙwasasshen kunnen ta ɗaga. Nauyi ya rinjaye shi ya kifa, bakin ƙofa ya kalli ƙasa. Wuta ta riga ta buɗa gidan, mai ya riga ya jiƙa tsatsa. Sai aka ji ƙwal. Boris ya faɗo da kansa, ya tsaya a kan gefensa, ya gangara a hankali ta gaban benci yana wuce masu zaɓe ɗaya bayan ɗaya, ya je ya jingina da takalmin Dukan-Ɗaya ya kwanta.

Mai faci ne ya fara, da wata 'yar dariya ta hanci, daga nan benci ya kife da mutane.

Dukan-Ɗaya ya dubi boris, ya dubi jama'a. "Kun gani ko? Wurin wa ya zo?"

Yaya ta jefa ƙarfen a but ɗin motarta, ta tare tasi, ta ce masa in ya ga dama ya nemo mata sabuwar ƙafa kafin ta gaya wa sauran dangi yadda aka yi da gashin bakinsa.

Washegari aka yi zaɓe. Kujera mai juyawa ta tafi wurin mai gyaran salansa, mutumin da bai yi jawabi ko ɗaya ba. Amma layin kanikawa ba ya butulci. Tsohon nan ya miƙe ya ce bai kamata a bar baiwa irin ta jiya ta lalace ba, kuma ƙungiya ta daɗe tana neman wanda zai riƙa buga tsohon gargaren tayar mota da ke rataye a bishiya in za a kira taro. Ana son mai ƙarfin hannu, mai naci, wanda zai yini yana dukan ƙarfe ƙarfen bai san ana yi ba.

Ba a ma ƙirga hannu ba. Shi kaɗai ne a zaɓen nan ya ci babu hamayya.