Durƙuson Barau Gaban Surukinsa

Da sunan Sarkin da ya halicci gaɓɓai ya ɗaure su da jijiyoyi muke buɗe tarihin gwarzo ɗan gwarzo, Barau ɗan Tanko ɗan Jatau Mai-Tsalle, wanda kakansa ya taɓa tsallake kwata da kaza a hammata. Barau garkuwar 'yan baya, katangar ƙungiyar tsofaffin 'yan ƙwallon Funtuwa, sarkin masu sayar da kayan babur, mijin Uwani, ma'abocin himma da tumbi.

Bayan haka, a wata Lahadi mai tarihi, yana da shekara arba'in da tara, Barau ya kafe ƙafarsa ta dama a filin firamare, ya murɗa jiki zai tare wani mahari mai sanƙo, sai gwiwa ta ce ƙas. Jarumi ya zube. Abokan fama suka kwashe shi ranga-ranga, kowa da fatawarsa: wannan ya ce mai ɗori, wancan ya ce a murje da man zafi. Uwani ta ce asibiti, maganarta kuma ita ta zauna. Likita ya ja ƙafar gaba da baya, ya ce ƙashi lafiya lau, jijiyar da ke riƙe gwiwa ce ta ɗan yage. Ya yanke hukunci: hutu, ƙanƙara a tsumma, bandeji, ƙafa bisa filo, sannan gashin ƙashi.

To, ciwon bai tayar wa Barau hankali kamar abin da ke tafe ba. Saura mako bakwai Babbar Sallah, kuma shekara ashirin da biyu bai taɓa gaida surukinsa, Malam Mati, a tsaye ba. Tsohon nan ɗan tamanin da uku ya sha faɗa masa cewa mai furfura ba ya bin ƙwallo. Yanzu ya je ya tsaya masa ƙiƙam a ka, gaban sauran mazan 'ya'yan gidan? Wallahi gara gwiwar ta tafi gaba ɗaya.

Aka ɗaura yaƙi ƙarƙashin Malama Talatu, likitar gashin ƙashi, mace marar wasa. Umarni biyu ta ba shi. Na farko, ya riƙa lanƙwasa gwiwa kaɗan-kaɗan. Na biyu, ya kwanta ya ɗaga miƙaƙƙiyar ƙafa sau talatin safe da yamma, domin cinya ce ke ɗaukar nauyin gwiwa. Barau ya rungumi na farko da jihadi da juriya, yana gumi yana cije leɓe, har dunduniya ta fara hango mazaunai. Na biyun kuwa ya ga bai dace da martabar zuriyar Jatau ba, a ce ƙato ya kwanta yana wutsil-wutsil kamar jinjiri. Sai ya riƙa ƙirgawa da ƙarfi don Uwani ta ji daga kicin, ƙafa tana kwance abinta.

Ranar gumu ta zo, kashegarin Sallah da hantsi. Barau ya ɗaure bandeji ƙarƙashin wando, ya zuba shadda mai sitaci, ya kutsa zauren Malam Mati inda sauran surukan tsohon, su uku, ke zaune sun zuba ido. Ya tuɓe takalmi, ya tuna kakanninsa, ya ce, "Bismillahi!" Ya fara sauka cikin izza da natsuwa da haiba, taki bayan taki, har ya kai ƙasa lafiya. Farin ciki ya cika shi, ƙwalla ta taru.

"Baba, barka da Sallah."

Tsoho ya amsa, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya sa albarka, sannan ya ce, "Madalla. Tashi ka koma kan tabarma."

Barau ya ba cinya umarni. Cinyar da ta yi mako bakwai tana barci ta ce ba da ita aka yi shawara ba. Ya yunƙura, shiru. Ya sake yunƙurawa, sai tumbi kawai ya motsa. Da ya ga mayaƙansa sun tsere, sai ya koma dabarar manya, ya sake ɗauko gaisuwa daga farko: ina gajiya, yaya ƙoƙari, yaya aka ji da jama'a. A zagaye na uku, lokacin da ya fara tambayar lafiyar awakin gidan, surukai suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa.

Malam Mati ya dube shi. Sai ya miƙe tsaf ba tare da ya dafa komai ba, ya ɗauko sandarsa a jikin bango ya miƙa masa.

"Kama nan, Barau. Ka tafi da ita, ni sai jefi-jefi nake nemanta."

Haka garkuwar 'yan baya ya koma gida yana dogara sandar ɗan tamanin da uku. Da la'asar ya kwanta a tabarma ya fara ɗaga ƙafa. Uwani ta jawo kujera ta zauna a kansa, ita ke ƙirgawa.