Yaƙin Giga Arba'in na Malam Haladu

Wannan shi ne labarin Malam Haladu ɗan Zubairu ɗan Jatau ɗan Gagare, zuriyar da tun kafin jirgin ƙasa ya shigo Arewa ba a taɓa jin wani daga cikinta ya sayi kaya a farashin farko ba. Jatau ne ya kwana uku yana cinikin jaki guda, har mai jakin ya gaji ya haɗa masa da igiya da mangala. Zubairu ne ya shekara goma sha tara da takalmi ɗaya, ya rasu ya bar shi a cikin gado. Daga wannan tsatso mai albarka Haladu ya fito: tsohon mai riƙe makullin siton ƙaramar hukuma a Azare, wanda ko tsintsiya ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba, dodon masu tumatir, barden neman gyara, mai kashe fitila tun baƙo bai gama sa takalmi ba, mai tsaga robar man goge baki da reza ya kwashe abin da ya maƙale a ciki.

A shekara ta uku da yin ritayarsa, wannan gwarzo ya lura da wata annoba da ta mamaye gidansa, wato sayen data a tsittsinke. Matarsa Sa'ade ta sayi ta ɗari biyar yau, gobe ta sake. Ɗansa Nafi'u, malamin firamare, kullum da tasa. 'Yarsa Rumasa'u, mai sayar da atamfa ta waya, ita ma haka. Ya zauna a zaure da biro da bayan takardar wutar lantarki, ya haɗa ya buga, abin da ya gani ya sa ya tuɓe hula ya ɗora a gwiwa. A ranar nan ya ji a rediyo cewa wani kamfanin waya ya fito da tsarin iyali: giga arba'in a tukunya ɗaya, layi biyar su sha har wata.

Bayan la'asar ya tara jama'arsa a tsakar gida, ya tsaya kusa da rijiya kamar sarkin yaƙi a bakin ganuwa, ya shelanta cewa zamanin almubazzaranci ya ƙare. Kowa zai kawo kasonsa, za a rage kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da ake kashewa. Layi huɗu suka cika nan take. Na biyar kuwa, tun da zuciyarsa ba za ta yarda a biya kuɗin gurbi a bar shi fanko ba, sai ya sa na mahaifiyarsa, Inna Yelwa, tsohuwa mai shekara tamanin da ɗoriya, wadda ke ɗakin ƙurya da wata tsohuwar waya da Rumasa'u ta bar mata.

Kwana bakwai daular ta yi cikin aminci da yalwa. Haladu ya riƙa zagaya majalisu yana wa'azin tattali, yana duban masu sayen data ta ɗari biyu da idon tausayi. A rana ta takwas, da hantsi, yana tsaka da nuna wa wani abokinsa yadda ake lissafin, sai saƙo ya shigo wayarsa cewa tukunya ta ƙafe.

Masu ba da tarihi sun ce daga nan kai tsaye ya wuce gida. Ya sake sayen wata arba'in ɗin daga kuɗin fanshonsa, don kada maƙiya su ji labari, sa'an nan ya ɗaura ɗamarar yaƙi. Farmakin farko a kan Nafi'u ya faɗa, domin an san shi da kallon ƙwallo. Aka hana ƙwallo. Na biyu ya dira kan Sa'ade da finafinanta masu kashi-kashi. Aka taƙaita ta ga kashi ɗaya a yini, ita kuwa ta taƙaita naman miyarsa ga yanka ɗaya, ba tare da wata sanarwa ba. Rumasa'u aka umarce ta da ta riƙa kwatanta wa masu saye launin atamfa da baki, maimakon tura hoto, har wata mata a Misau ta dawo da turmi biyu ta ce ba wannan shuɗin take nufi ba. Shi kansa jagoran ya ƙaurace wa zauren 'yan fansho na waya, inda ake turo gaisuwar Juma'a da hoton furanni. Gida ya yi tsit. Uwa ta riƙa hararar ɗa, wa ya riƙa leƙa wayar ƙanwa, ana cin tuwo ba hira.

Tukunya ta biyu ta ƙafe a kwana tara.

A nan ne Haladu ya yi rantsuwar da aka daɗe ana tunawa da ita. Ya tsaya a inda ya tsaya da farko, ya ce, "Ko wane ne, zan cire layinsa da hannuna, kuma a nan tsakar gida zai ba kowa haƙuri." Ya sa babbar rigarsa ta zuwa ɗaurin aure, ya hau babur ɗinsa mai tari kafin ya tashi, ya keta kasuwa, ya ratsa rundunar masu keke-napep, ya isa ofishin kamfanin. Ya yi awa biyu a layi bai saya ko ruwan leda ba. Da ya kai gaban tebur, wata ma'aikaciya ta daddanna na'ura, ta buga masa takarda.

"Baba, layi huɗu ba su sha komai ba," in ji ta. "Wannan na ƙasan ne ya sha talatin da ɗaya. Kiran bidiyo ne, kullum tun safe har azahar."

Ya duba lambar. Ya cire tabarau ya goge, ya sake dubawa. Lambar ba ta canza ba.

Washegari da hantsi ya nufi ɗakin ƙurya da takardar a hannu, Sa'ade da Nafi'u da Rumasa'u na biye da shi a jere, don kowannensu yana da hakkin da yake son ganin an biya. Ya yi sallama, ya durƙusa a bakin ƙofa.

Inna Yelwa na zaune a kan tabarma tana tsintar wake a faifai. An jingina wayar a jikin kwanon sha. A cikinta ga wata tsohuwa, ita ma a kan tabarma, tana ɓare gyaɗa. Goggo Ladiyo ce, ƙanwar Inna da ke Jos, wadda rabonsu da ganin juna ido da ido shekara shida ke nan, tun da ƙafafu suka hana su duka biyun zaman mota. Rumasa'u ce ta nuna wa Inna inda ake dannawa, sau ɗaya, ranar wani suna. Ba ma hira suke yi ba. Kowace tana aikinta. Jifa-jifa ɗaya ta ɗago ta ga ɗayar na nan, ta mai da kai.

Haladu ya yi gyaran murya. Jawabin da ya kwana yana shiryawa, mai ƙunshe da hujjoji bakwai da alƙaluma, na kan harshensa.

"Inna, dama kan maganar waya ce."

"Yawwa, gara da ka zo," in ji Inna, ba ta ko ɗago ba. "Tun ɗazu take zamewa, Ladiyo sai rufin ɗaki take gani. Riƙe mana."

Dodon masu tumatir ya ninke takardar ya cusa a aljihu, ya matso a kan gwiwoyinsa ya ɗauki wayar. Aka ce ya ɗaga sama kaɗan, ya ɗaga. Aka ce ya karkata hagu, ya karkata. Rundunar da ke bayansa ta watse ɗaya bayan ɗaya, ana jiyo Sa'ade a madafa tana dariya har da tari. Ya riƙe har hannun dama ya sage, ya mayar hagu, giga na zuba a gabansa kamar hatsi daga ɓulallen buhu, yana kallo.

Can Goggo Ladiyo ta matso da fuskarta har hancinta ya cika wayar.

"Haladu ne wannan? Kai, ka tsufa. An ce ka sayi wani abu da kowa ke sha kyauta a gidanku. Ni jikokina kullum ƙorafi suke wai ina cinye musu kati."

"Sai ka sa ta a ciki," in ji Inna.

"Inna, layi biyar kawai ake sawa, kuma ya cika."

"To cire naka mana. Kai wa kake kira?"

Malam Haladu ɗan Zubairu ya dubi mahaifiyarsa, ya dubi hancin da ke cikin wayar, ya gyara riƙonsa.

"To, Inna," ya ce.