Bangon da Na Kushe a Gaban Mai Saye

Har in koma ga Allah ba zan manta safiyar da aka zo ganin gidanmu na Nima, unguwar Zango a babban birnin Gana, ba. Shekarun farko ne bayan samun 'yancin Gana. Babanmu ya rasu, Inna ta fita takaba, kuma kafin damina ta ɓata hanya take so ta koma garinsu can wajen Sakkwato. Lafiya ba ta ishe ta ba, tana tsoron ta mutu ba ta ga 'yan'uwanta ba. Sai an sayar da gida za a raba gado ta tafi. Ni ne babba, ni aka ɗora wa.

Na je wurin Baba Seidu, dillalin unguwa, ya ba ni shawara da Hausarsa ta Zango. "Ka shafa farar ƙasa. Ka kai awaki gidan maƙwabci. Mai saye ya zo da safe, kwata bai fara wari ba tukuna. Kuma gida bai magana, kai ma kada ka yi."

Na yi duka, har da wanke ƙofa. Shawarar yin shirun ce kawai ta tsaya mini a rai. Ni mutum ne da kan koma ya sake alwala don zargin gwiwar hannu ba ta jiƙe ba (matata ta ce ni kaɗai nake ƙarar da ruwan famfon layinmu). Ga shi a makarantar allo an koya mana cewa ɓoye aibin kaya haramun ne. Bangon ɗakin baya kuwa ya daɗe da tsagewa, farar ƙasar ta rufe tsagar sarai.

Baba Seidu ya iso da wani dattijo, Alhaji Mumuni, mai fataucin doya da ya daɗe a Kumasi. Ban san shi ba. Ya yi wa Inna gaisuwa ta bayan labule, ya shiga zagaya gida a hankali, yana shafa ginin da tafin hannu. Da muka kai ɗakin baya na kasa daurewa.

"Baba Alhaji, akwai abin da ya kamata ka sani."

Baba Seidu ya taka mini ƙafa. Ban kula ba. Na ɗauki tsinke na kankare farar ƙasar har tsagar ta bayyana. Da a nan na tsaya, da na fita da mutuncina. Amma na so ya gane ba sakacinmu ba ne, sai na ƙara da cewa, "Dubi yadda ya karkace. Duk maginin da ya yi wannan aiki bai ji tsoron Allah ba. Cin amana ne kawai."

Alhaji ya dafa bangon. Sannan ya ce, "Ɗana, babu magini. Babanka ne ya ɗora shi da hannunsa, ni nake kwaɓa masa ƙasa. In mun taso daga dako a bakin teku muke yi, kafaɗunmu duk sun ɗaye. Innarka na da cikinka, ya ce ba za a haife ka a ɗakin haya ba."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Uban da ko shekara bai yi a kabari ba, shi na kira maci amana, a cikin ɗakin da aka haife ni. Kuma na san Inna ta ji daga bayan labule. Baba Seidu dai ya riƙe haɓa yana cewa, "Na faɗa maka, na faɗa maka."

Ashe labarin rasuwar ne ya dawo da Alhaji, ya zo ya sayi gidan don matar abokinsa ta samu tafiya. A ranar aka ƙulla ciniki.

Sai a tasha Inna ta tayar da maganar, an riga an ɗaura kayanta a motar goro. Ta ce, "Bangon ya karkace kam, na sha gaya wa babanka. Amma bai taɓa faɗo mana ba."

Tun daga nan, duk wanda ya nemi shawarata kan sayar da gida da sauri nakan ce: ka shafa farar ƙasa, ka kawar da awaki, ka nuna tsagar bango don Allah. Amma kafin ka zagi magini, ka fara tambayar mahaifiyarka.