Tuzuru da Jere

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka rangaɗa mini guɗa ina kwance a kan gadona, alhali ko budurwa ba ni da ita.

Shekarun nan ne da kuɗin mai ya shigo, aka ƙara wa ma'aikata albashi, kowa ya shiga saye-saye. Ni sabon akawu ne a wani kamfani da ke titin da yanzu ake kira Ibrahim Taiwo. Na baro Haɗeja, na kama ɗaki a wani gidan haya a Fagge. Ban san kowa ba, ga ni da nauyin baki. In na taso daga aiki sai in shige in ja ƙofa, in zauna ina sauraron hirar maƙwabta ta bango, wani lokaci har in taya su dariya ba su sani ba. Kaɗaici ya ishe ni, ba ɓoye-ɓoye.

Sai dabara ta faɗo mini (irin wadda ke faɗo wa wanda ba shi da abokin shawara): in na gyara ɗakin, ai mutane za su riƙa shigowa. Na shimfiɗa leda, na rataya labule mai furanni, na sayo gado mai rumfa. Duk da haka bai yi mini kama da gida ba. Can na tuna ɗakin Innata, inda bango guda kwanuka ne reras, wani kan wani. Ban tsaya na tambayi kaina me ya sa ba a yin haka a turakar Babana ba.

Na nufi kasuwar Sabon Gari, wurin wata mai sayar da kwanuka, Mama Ngozi. Na zaɓi langa da fanteka masu jan fure. Tana ɗaure mini kayan ta ce, "Kai, Malam, Allah ya sa alheri! Amarya ta kusa zuwa ke nan?" Kunya ta hana ni cewa nawa ne. Na yi murmushi na sunkuyar da kai, kamar dai yadda ango yake yi. Ashe ita da Hajiya Falmata, 'yar Barno mai gidan da nake haya, ƙawaye ne na ƙut da ƙut.

Na yi jerena, ya yi kyau kuwa. Kullum sai na goge shi. Babu wanda ya shigo.

Ana nan zazzaɓi ya kayar da ni, na kasa zuwa aiki. Ina kwance da hantsi, daga ni sai gajeren wando, na ƙudundune cikin bargo har kai, na bar ƙofa a sakaye. Cikin gyangyaɗi na ji ƙamshin turaren wuta, na ji muryoyin mata a tsakiyar ɗakina. Sun tabbata ango yana wurin aiki, sun zo ganin ɗakin amarya.

"Ma sha Allah, dubi jere!" in ji wata. "Uwar yarinyar nan ta yi ƙoƙari."

Da ina da hankali, nan take zan yi gyaran murya. Amma ba riga, ba dogon wando, sai na ƙara jan bargo. Kuma bari in faɗi gaskiya: daɗi na ji. Tun da na kama ɗakin nan ban taɓa jin muryar wani a cikinsa ba, yau ga shi cike da mutane, ana yaba labulena.

Hajiya Falmata ta zauna a bakin gado ta dafa ni. "Amarya, kunyar ta isa haka. Mu iyayenki ne, buɗe mu ga fuska."

Na ƙara jan bargon sama, ashe ƙafata ta leƙo waje.

"Amaryar akwai tsawo," in ji Mama Ngozi. "Hajiya, dubi ƙafa!"

Wata ta kama hanci ta saki guɗa, Hajiya kuma ta yaye bargon. Ga ni nan, gashin baki, jan ido, haƙora na kaɗawa. Guɗar ta tsinke a tsakiya. Wata ta yi salati ta yi waje ba takalmi. Mama Ngozi kuwa dariya ta zaunar da ita a kan ledata.

"Ina amaryar?" in ji Hajiya.

"Babu, Hajiya."

"To jeren na wa ne?"

"Nawa ne."

Ta dubi kwanukan, ta buɗe ɗaya, babu komai sai takardar kanti. Ta taɓa goshina. "Ɗan nan, tun yaushe kake kwance? Wa ya ba ka abinci?"

Na ce babu kowa. Wallahi wannan amsar ta fi gajeren wandon ba ni kunya, har na juya fuska bango don kada su ga idona.

Da azahar aka aiko mini da kunu. Sunan Amarya kuwa ya bi ni har na bar Fagge, mazan gidan ma da shi suke kirana in fito a ci tuwo, ni kuma ina amsawa da sauri.

Abin da na koya shi ne, in kana son a shigo ɗakinka, tashi ka yi sallama a ƙofar wani. In kuma ka ƙi ji, sai jere za ka yi, to ka daure ka riƙa kwana da dogon wando.