Aski Ya Ɗauke Mini Kuran

Ba zan taɓa mantawa da ranar da sufeton lakwal, wato makarantun boko, ya zo daga Damagaram duba darasina ba. Lokacin ina ɗan kwantiragi, ina koyar da fizik a wani lise, wato babbar sakandare, a Magarya, kuma bakinsa ne zai sa a ɗauke ni aikin dindindin ko a ce in ƙara jira.

Na ce sai na burge shi. Akwai irin ruwan da ke daskarewa in ƙarfin wutar kuran, wato lantarki, ya kusance shi, a janye ya koma ruwa. Ko a gida ana haɗa shi: garin sitacin masara da man gyaɗa. Ka goga balan-balan a gashin kanka har ta ɗauki kuran, ka matso da ita kusa da ruwan yana zuba daga cokali, sai ƙwayoyin garin su jeru kamar sarƙa, ya yi kauri ya tsaya cak. Na yi ta gwadawa har mai ɗakina ta ɓoye kwalbar manta.

Ana gobe zai zo, na ga sumar kaina ba ta dace da babban baƙo ba. Na tafi wurin wanzami ya yi mini ƙwal-kwabo. (Ni da digirina na lisans a fizik, wallahi ko a raina ban kawo komai ba.)

A aji na cika baki sosai. Har na roƙi sufeto ya tara hannu ƙarƙashin cokali, na ce ko ɗigo ba zai taɓa shi ba. Dattijo cikin farar shadda ya miƙo hannu. Na cire hula, na kai balan-balan kaina, sai na ji santsi. Na goga, na goga, tana ƙii-ƙii bisa gumi, yara sun kifa kai a tebur kafaɗu na rawa. Maimakon in ari kan wani, kunya ta sa na ce ai ya isa. Na karkata cokali.

Innalillahi! Mai ya cika tafinsa, ya gangara cikin hannun riga. Ni kaɗai na daskare a ɗakin nan.

Ya dubi shaddarsa, ya dubi kaina, ya kira ni yadda ake kiran malami da Faransanci, ya ce: "Mushe, ai kayan aikin naka ka baro wurin wanzami."

Sai da na ƙara shekara a kwantiragi. Yanzu kafin in zauna gaban wanzami, sai na duba darasin gobe.