Ranar da Danja Ta Ƙi Mutuwa

Ko da zan manta da komai a sana'ata, ba zan taɓa mantawa da ranar da aka kira ni garin Mairuwa gyaran fitilar tirela ba. Ni mai gyaran wayarin mota ne a Faskari, kuma mutum ne mai waswasi. In na kulle shago sai na dawo sau biyu na ja kwaɗon. (Ran nan har na kai gida na dawo.)

Manoman rani ne suka haɗa tumatir ɗinsu, kwando kan kwando, suka cika tirela za a kai Kudu. Da aka gama lodi sai direban, Malam Sule, ya lura in ya taka birki danjar baya ba ta kamawa. Ya ce shi ba zai hau doguwar hanya haka ba. Shi kuwa tumatir ba ya jira. In rana ta daɗe tana dukansa, na ƙasa ruwa yake zama.

Alhaji Mamman, shugaban manoman, shi ya tare ni.

"Malam mai waya, noman wata uku ne bisa motar ga. Minti nawa?"

Na ce sai na duba. Na duba kuwa, abin bai kai ya kawo ba: wayar da ake ɗaurewa jikin ƙarfe ce ta yi tsatsa. Na kankare, na ɗaure. Saura gwaji.

To gwajin danja aikin mutum biyu ne, ɗaya ya taka birki, ɗaya ya tsaya baya ya gani. Ni kuwa ban yarda da taka birkin kowa ba. Wani zai ce ya taka alhali rabi ya taka, wani zai ɗauke ƙafa kafin ka kai baya. Sai na je rumfar Inna Kulu mai abinci na ari taɓarya, na tokare ta tsakanin kujerar direba da birki. Na kulle ƙofar motar don kada wani ya goge ta, na jefa makullin aljihu. Na zaga baya, ga danja ja jawur, duka biyu.

Daidai nan aka kira azahar. Na yi alwala, na yi shakkar ko na shafi kunne, na sake. A cikin salla na yi shakkar raka'a. Kafin in fito masallaci babu sauran wuri a kaina da taɓarya za ta zauna.

Na dawo na tarar da danja tana ci, ga shi babu kowa a cikin mota.

Na ce shi ke nan, wayoyi sun haɗe a wani wuri. Na leƙa ƙarƙashi, na ga birkin tirelar ma a kame. (Na san iska ke kama birkin tirela, ba wuta ba. Na daɗe da sani. Amma ranar nan na yanke hukuncin cewa wutar ce ta shiga iskar.)

Malam Sule ya ce, "Ba ni makulli in tada ta mu gani."

"Kada wanda ya taɓa motar nan," in ji ni. "Kana murza makulli wuta za ta tashi."

Jama'a suka ja da baya. Wani ya janye babur ɗinsa.

Ubangidana da ya koya mini aiki ya ce a fara daga baya a bi waya taku-taku har gaba, ba a tsallake. Ban taɓa saɓa masa ba. Na kwance gilasan danja, na cire ƙwayayen, na lashi yatsa na goge su. Na kwanta ƙarƙashin tirela ina warware salatif ina jawo waya, ja daban, kore daban, ruwan ɗorawa daban. Tirela kuwa doguwa ce. Ban san tsawonta ba sai ranar.

Can na ji wani abu ya ɗigo mini a goshi. Na shafa na ga ja. Na ɗauka jini ne, har na fara salati. Ruwan tumatir ne.

Alhaji Mamman ya durƙuso yana kallona ta tsakanin tayoyi.

"Malam mai waya, mi ake ciki?"

"Alhaji, wanda ya yi wayarin motar nan tun farko bai ji tsoron Allah ba," na ce. Na ƙara da ɓeraye. Har na ɗago wata waya lafiyayya na nuna masa wai ga haƙoransu. Ya duba, ya gyaɗa kai. Mutumin kirki ne.

An yi la'asar, na kai kusa da kan motar, wayoyi shimfiɗe a ƙasa kamar ana shanyar taliya, manoma sun yi da'ira suna kallo. Sai ga Inna Kulu ta ratso su, hannu a ƙugu.

"Kai ɗan nan, in ka gama da taɓaryata ka ba ni. Tun ɗazu yaji ke jirana."

Malam Sule ya ce, "Wace taɓarya, Inna?"

"Wadda ya ce zai danne birki da ita mana."

Ban san tsawon lokacin da na ƙara a ƙarƙashin motar ba. Na yi tunanin in zauna nan har su watse. Daga baya na fito, na zaro makulli, na buɗe ƙofa. Tana nan a tokare, tana aikinta tsakani da Allah. Na zare ta. Motar ta yi wani dogon huci, birki ya saki.

Ba wanda ya yi dariya, abin da ya fi ƙona ni ke nan. Malam Sule ya karɓi taɓaryar, ya juya ta, ya miƙa wa Inna da hannu biyu.

"Inna, a gaishe ki. Tun azahar ke ce ke tuƙa motar."

Alhaji Mamman kuwa cewa ya yi, "To, Malam, ɓerayen sun tahi?"

Mayar da wayoyin ya kai mu gab da magariba. Kafin motar ta tashi sai da aka sauke kwandunan da suka yi laushi, ba za su kai Kudu ba. Ba wanda ya ce in biya, ni ma na so a ce, da na fi samun barci. Kwana biyu na rufe shago, na zauna cikin matan manoman da wuƙa muna yanka tumatir ana shanyawa. Sun ce hannuna yana da kyau, wai in wayarin ya ƙi in dawo. Na kuma yi ta neman wanda ya yi wa motar wayari don in roƙe shi gafara. Aka ce ɗan garin Sabuwa ne. Na je. Ya ce bai san ma na zage shi ba, amma tunda na zo in maimaita ya ji.

Yanzu mutum nake sawa ya taka mini birki. Ko rabi ya taka na gode. Mutum dai, komai rashin gaskiyarsa, in ya gaji zai ɗauke ƙafa.